Kafin ka ɗaga Hilux sama: abin da ƙarin sifirin da manyan tayu ke ɓoye maka

Idan kana cikin samarin da ke raba dare a TikTok da YouTube, ba mamaki ka taɓa cin karo da bidiyon nan na mutanen Amurka ko Ostareliya. Za su ɗauki a-kori-kura sabuwa fil, su ɗaga ta sama har sai mutum ya yi tsalle kafin ya shiga, su sa mata tayu kamar na tarakta, sannan su nufi daji suna neman laka da duwatsu. Su a wajensu wasan ƙarshen mako ne, kuma sai sun yi tafiyar sa'o'i kafin su samu hanya marar kyau da za su gwada motar.

Mu nan ba sai mun je nema ba. Ka taso daga Sakkwato ka ɗauki titin Jega, ka wuce Boɗinga, ka iso Shagari, duk a kan kwalta kake. Amma ka saki titin nan ka karkata zuwa ƙauyukan da ke can ciki, bayan Kajiji ko Dandin Mahe ko Danchadi, nan za ka san cewa abin da wasu ke biyan kuɗi su je su gani, shi ne hanyar kasuwarmu ta kullum. Da rani yashi ne mai haɗiye taya. Da damina, musamman watan Agusta, taɓo ne da kwazazzabai da ruwa ya yanka cikin dare ɗaya. Kuma abin da ke bayan motar ba kujerar shaƙatawa da tanti ba ne. Buhunan gero ne da albasa da shinkafa, da awaki, da mutane a saman kayan. Wani lokacin ma mace ce mai naƙuda ake ƙoƙarin kaiwa asibiti.

Saboda haka maganar yi wa mota gyaran shiga daji ba maganar 'yan gayu ba ce kawai a wajenmu. Ana yin ta kullum a garejinmu, sai dai ba da sunan da ka sani a intanet ba. Abin da nake so mu duba, ɗan'uwa, shi ne wannan: duk abin da ka ƙara wa mota ta wani gefe, akwai abin da ka rage mata ta wani gefen, kuma yawanci daga birki da daidaiton motar ake cirewa. Ko kana shirin sayen a-kori-kura don haya, ko kai yaron gareji ne, ko fasinja ne kawai da ke hawa saman lodi ranar kasuwa, maganar ta shafe ka.

Daga Fijo zuwa Hilux

Iyayenmu da Fijo suka saba. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma a-kori-kura samfurin 404 da 504 su ne suka yi shekaru suna ɗaukar nauyin kasuwannin ƙauye a Arewa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, waɗannan motocin tayun baya ne kawai ke ja. A Faransa akwai wani ƙaramin kamfani, Dangel, da tun farkon shekarun 1980 yake mayar da 504 mai jan tayu huɗu, amma ba irinsu ne suka cika tashoshinmu ba. Namu da tayu biyu suka yi ta ratsa yashi, da dabarar direba da ƙarfin fasinjojin da ke sauka su tura.

Toyota ta fito da Hilux a 1968, mai jan tayu huɗu kuma a 1979. Tsofaffin, har zuwa wajen 1997, aksul ɗaya ne miƙaƙƙe a gaba, da sifirin falle-falle gaba da baya. Daga baya aka canja gaban ya zama kowace taya tana motsi da kanta, kuma daga samfurin 2005 sifirin mai naɗi ne a gaba, falle-falle a baya. Land Cruiser a-kori-kura, wadda ake kira 79, har yau aksul miƙaƙƙe take da shi a gaba. Ka riƙe wannan bambancin, don gyaran da tsohuwar Hilux za ta jure, sabuwa ba lallai ta jure shi ba.

Maganar ƙarin sifirin

Wannan shi ne gyaran da ya fi kowanne yawa a wajenmu, kuma shi ne wanda aka fi yi wa mummunar fahimta. Direba zai ga in ya yi lodi bayan motar na zaunawa har taya tana gogar bodi, sai ya kai ta wajen makaniki a kwance sifirin, a cusa falle biyu ko uku, wani lokacin na wata babbar mota da aka yanke. Ana gamawa sai ka ga bayan motar ya ɗaga kamar rago zai yi karo. Ya loda buhu ashirin, mota ba ta zauna ba. Sai ka ji ana cewa ai yanzu ta zama tan biyu.

Wallahi ba ta zama ba. Abin da Hilux ke iya ɗauka bisa ƙa'idar masu ƙera ta wajen tan ɗaya ne, ya danganta da samfuri, kuma a cikin tan ɗayan nan har da direba da duk wanda ke ciki. Yi lissafi da kanka. Buhun gero babba kilo 100 ne, goma sun cika tan. In ka ɗora mutum goma sha biyar a kai, kowa kilo 60, ka ƙara kilo 900. Ba a yi maganar akuya da jarkokin mai ba tukuna.

Sifirin aikinsa kawai ya riƙe nauyi ya kuma shanye girgiza. Nauyin da ya riƙe ba ɓacewa yake yi ba, sauka yake a kan aksul, da boris, da notocin taya, da tayar kanta, da shasi. Duk waɗannan suna nan yadda kamfani ya yi su, ba wanda ya ƙara musu komai. Zaunawar da motar ke yi a da, gargaɗi ne take yi maka cewa kaya sun yi yawa. Da ka ƙara falle, ka toshe mata baki ne, ba ka ƙara mata ƙarfi ba. Shi ya sa za ka ga a-kori-kura a gefen hanya taya ta fice da sandar aksul ɗinta gaba ɗaya, ko shasi ya tsage daidai tsakanin kai da bodi. A nan ne karaya ta fi faruwa, saboda sifirin da ya yi tauri da yawa ba ya shanye dukan rami, sai ya miƙa shi kai tsaye ga shasi. Mai walda zai like, a ɗora faci, bayan 'yan watanni ya sake buɗewa kusa da inda aka like.

Akwai kuma wani ƙaramin abu da ko a gareji ba kowa ke kula da shi ba, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. Yawancin tsofaffin Hilux, waɗanda ba su da birkin ABS, suna da wani bawul a ƙarƙashin bodi ta baya, da siririn ƙarfe da ya haɗa shi da aksul. Aikinsa ya auna yadda motar ta zauna. In ta zauna sosai, ya san an yi lodi, sai ya bar man birki ya je tayun baya da ƙarfi. In tana sama, ya ɗauka ba kaya, sai ya rage, don kada tayun baya su kulle motar ta juya. To ka ga matsalar? Ka ƙara sifirin, ka loda tan biyu, mota ba ta zauna ba. Bawul ɗin nan yana ganin motar fanko ce, yana rage wa baya birki a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Duk aikin tsayar da motar ya koma kan tayun gaba. A gangara, ko in saniya ta faɗo titi, nan ake gane bambancin. Bawul ɗin ana iya sake saita shi bayan an canja tsayin mota, aikin da bai kai sa'a ɗaya ba ga wanda ya san shi. Amma sau da yawa sai ka leƙa ka ga an ɗaure shi da waya, ko an cire shi an haɗa bututun kai tsaye.

Ba wai ban fahimci direba ba ne. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, naira kuma ta faɗi, kowane sawu kuɗi ne. In zai iya kwashe kayan sawu biyu a sawu ɗaya, lissafinsa ya fita. Manomi ma so yake albasarsa ta isa kasuwa da wuri kafin manyan motocin Kudu su gama lodi. Kowa na da hujja. Sai dai lissafin nan ba ya haɗawa da kuɗin aksul da za a nemo daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, da makon da motar za ta yi a kan duwatsu ba aiki. Kuma ba ya haɗawa da mutanen da ke zaune a saman buhunan, waɗanda ba a tambaye su ba lokacin da ake ƙara fallen.

In dole sai an ƙara, falle ɗaya na asalin irin motar, mai tsayin da ya dace, ya fi uku na yanke-yanke. A sa sabbin ƙarafan nan masu siffar U da ke ɗaure sifirin da aksul, don tsofaffin sun riga sun miƙe, a kuma sake ɗaure su bayan an yi 'yan kwanaki ana aiki. Sannan a duba shokazoba. Mutane na raina ta saboda mota na tafiya ko ta mutu, alhali ita ce ke hana taya yin tsalle-tsalle a kan burji mai gargada. Tayar da ke sama ba ta birki, ba ta kuma bin sitiyari.

Ɗagawa don gayu

Yanzu mu dawo kan namu na samari. Wanda Allah ya hore wa Hilux, ko ta gida ce aka ba shi, abu na farko da yake so shi ne ta yi tsayi kamar ta bidiyo. Tambaya ita ce, me tsayin zai ba ka?

Durƙusa ka leƙa ƙarƙashin motar ta baya. Abin da ya fi kusa da ƙasa shi ne wannan ƙullin mai kama da tukunya a tsakiyar aksul. Shi ne ke fara dukan tudun da ke tsakiyar hanya idan manyan motoci sun haƙa ramin taya biyu da damina. Ko ka ɗaga bodi ya kai rufin ɗaki, tukunyar nan tana inda take, domin a kan tayu take zaune, ba a kan sifirin ba. Abu ɗaya ne ke ɗaga ta: taya mai tsayi. Ɗaga bodi amfaninsa kawai ya ba babbar taya wurin shiga, ya kuma rage gogar ciki da bamba wajen hawa da sauka daga kwazazzabo.

Abin da ka biya kuwa yana da yawa. Duk santimita ɗaya da ka ɗaga, cibiyar nauyin motar ta hau da shi. A-kori-kura dama can doguwa ce, siririya, ba ta son kwana da gudu. Ka ɗaga ta, ka ɗora kaya sama da kan direba, ka ɗora mutane a kan kayan, to ka haɗa duk abin da ake buƙata don mota ta kife a kwanar da ƙaramar mota za ta sha ba tare da direbanta ya lura ba. Hanyar da ta karkace gefe guda, irin wadda ruwa ya cinye rabinta, ita ma haka.

A sabbin Hilux akwai ƙarin matsala. Tunda kowace tayar gaba da shaf ɗinta, in ka ɗaga gaban da yawa shaf ɗin zai riƙa aiki a karkace. Robarsa ta yage, yashi ya shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas in ka karya sitiyari. Masu wannan sana'a a ƙasashen da ta bunƙasa sukan tsaya a wajen inci biyu, wato santimita biyar, in ba za su canja sauran kayan ƙafar gaba ba. Kuma bayan kowace ɗagawa sai an sake saitin tayu, a duba ko robar man birki ta kai tsayin da aksul zai sauka ba tare da ta ɗame ba, a kuma sauke fitilu, in ba haka ba duk wanda ka haɗu da shi da dare a titin Tambuwal ka makantar da shi.

Ita babbar tayar fa? Ga misali da lambobin da za ka gani a jikin taya. Hilux da yawa suna zuwa da 265/65R17, tsayinta wajen milimita 776. Wanda ya sa 285/70R17 ya koma milimita 831. A ido bambancin babba ne, amma tukunyar aksul rabin wannan kawai ta samu, bai kai santimita uku ba. A madadin haka tayar ta fi ta asali da kashi 7 cikin 100, don haka in agogon gudu ya nuna 100, kana kan 107. Injin zai ji kamar an ɗora masa giyar da ta fi ƙarfinsa, tashi da lodi ya yi nauyi, kuloci ya riƙa cinyewa, mai ya ƙaru, birki kuma ya ƙara wahala domin tayar ta fi nauyi ta kuma fi tsayi. Masu kuɗin da ke sa manyan tayu a waje suna canja haƙoran cikin aksul gaba da baya don su mayar da ƙarfin. Wannan ɓangaren ba a cika nuna shi a bidiyo ba, saboda ba ya kyau a hoto.

Kuma don Allah kada Hilux ɗin gasar Dakar ta ruɗe ka. Gaskiya ne Nasser Al-Attiyah na Qatar ya ci gasar da mota mai wannan suna a 2019 da 2022 da 2023. Amma waccan suna da kamannin fuska kawai ta haɗa da taka. Ƙashinta na bututun ƙarfe ne da aka ƙera don tsere, tayunta na baya-bayan nan inci 37, mutum biyu take ɗauka, kuma kowane dare akwai tawagar makanikai da ke kwance ta su ɗaure.

Giyar da ba a koya wa kowa ba

Abin mamaki, gyaran da ya fi amfani yana cikin motar tun daga kamfani, sai dai direbobi da yawa ba a taɓa zaunar da su an yi musu bayaninsa ba. Ina nufin ƙaramar giyar nan ta biyu, ko maɓallin da ake murɗawa a sababbi, mai rubutun 2H da 4H da 4L, wadda ake kira agzilari.

A 2H tayun baya ne kawai ke ja, nan ne wurin zamanta a kan kwalta. A 4H an haɗa gaba da baya, don yashi da burji mai santsi. A 4L kuma an ninka ƙarfin juyin tayu wajen sau biyu da rabi, gudu ya ragu daidai haka. Ita ce ta fita daga taɓo, da hawan gangaren rafi da lodi, da saukowa a hankali ba tare da ka ƙona birki ba. Direban da ke taka rabin kuloci yana ba da wuta har hayaƙi na tashi alhali 4L na nan ba a taɓa ta ba, kuɗinsa yake ƙonawa. A tsofaffin motoci kuma sai ka sauka ka murɗa makullin da ke tsakiyar tayun gaba, kuma kafin ka shiga lakar ake yi, ba bayan ka nutse ba.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne a fito daga daji a hau kwalta a manta motar a 4H. Irin wannan tsarin ba shi da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya. A kwana tayun gaba sun fi na baya yin tafiya mai tsawo. A kan yashi wata taya za ta ɗan zame, abin ya wuce. A kan kwalta ba zamewa, sai ƙarfin ya taru a farfela da giyabos, sitiyari ya yi tauri, tayu su riƙa kuka, giyar ta ƙi fita, daga ƙarshe wani abu ya karye.

Wannan ya kai mu ga haɗarin sayen aksul na hannu. Haƙoran cikin aksul ba iri ɗaya ba ne ko a cikin Hilux. Akwai mai 4.10, akwai mai 4.56, da wasu. Lambar tana nufin sau nawa farfela za ta juya kafin taya ta juya sau ɗaya. In na baya ya lalace aka kawo maka wani daga kasuwa wanda lambarsa ta bambanta da ta gaba, a 2H ba za ka ji komai ba, za ka ce an yi aiki mai kyau. Ranar da ka sa agzilari, gaba da baya za su riƙa gudu daban-daban, motar tana yaƙi da kanta. Gwajin ba ya cin ko sisi. A aksul na yau da kullum, a ɗaga taya ɗaya, a yi alama da alli a jikinta da jikin farfela, a juya tayar sau biyu cif ana ƙirga juyin farfelar. In ta yi huɗu da ɗan kaɗan, 4.10 ne. In ta yi huɗu da rabi, 4.56 ne. Ka sa a yi wannan a gabanka kafin ka biya.

Sai maganar walda. Ka san yadda mota ke maƙalewa taya ɗaya na ta juyawa a laka, ɗayar da ke kan busasshiyar ƙasa tana tsaye? Haka tukunyar aksul take aiki, tana barin tayu biyu su yi gudu daban don a iya shan kwana, sai dai a laka ƙarfin yana tserewa ta tayar da ba ta riƙe komai ba. Maganin gaskiya shi ne makullin aksul, wanda wasu Hilux da Land Cruiser ke zuwa da shi: ka danna a laka, ka saki in ka fita. Maganin gaggawa da wasu ke yi shi ne a buɗe tukunyar a like haƙoran da walda, tayu biyu su zama ɗaya har abada. A laka kam za ta burge ka. Amma motar haya rabin rayuwarta a kan kwalta take, da lodi. Kowace kwana taya na gogar titi, sandar aksul na murɗuwa, in kuma an yi yayyafi motar tana son wucewa gaba maimakon ta bi sitiyari. Ni dai motar da na san an yi mata haka ba zan sa ƙanwata a ciki ba.

Abin da mutanen Sahara suka sani

In ana maganar yashi, maƙwabtanmu na arewa sun fi mu jin jiki. Direbobin da ke tashi daga Agadas su ratsa Tenere zuwa Dirku da iyakar Libiya, da Hilux da Land Cruiser suke yi. A 1987 ma sojojin Chadi da irin waɗannan a-kori-kura suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum, har aka sa wa yaƙin sunan Toyota. Ka duba hotunan motocin nan da kyau. Ba dogaye ba ne kamar na TikTok. Abin da suke dogara da shi shi ne taya mai kyau, da sanin hanya, da iska.

Iska kuwa kyauta ce. Tayar da aka cika tam tana yanka yashi kamar wuƙa tana nutsewa. In ka rage ta zuwa wajen 18 a ma'aunin mai faci, tafinta zai yi tsawo a ƙasa, nauyin ya bazu, motar ta hau saman yashin kamar yadda kofaton raƙumi ke yi. Mota marar gyaran komai da aka rage wa iska takan wuce inda mai manyan tayu cike da iska ta tsaya tana haƙa wa kanta rami. Sharaɗin shi ne a tafi a hankali, ban da karya sitiyari da ƙarfi don kada taya ta fita daga rim, kuma in lodi ya yi nauyi ba a ragewa sosai. Da an hau kwalta a mayar da iskar, domin taya mai ƙarancin iska a zafin watan Afrilu na Sakkwato, ga gudu ga kaya, fashewa take yi. Ƙaramin famfon da ake jonawa a batir bai kai kuɗin taya ɗaya ba. Shi da shebur da katako mai faɗi da za a ɗora jak a kai, sun fi fitilu shida a saman rufi amfani.

Tayar ma a karanta ta kafin a saya. Akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019, komai kyan zanenta ta tsufa. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana gargaɗi a kan tayun da suka wuce shekara huɗu. Akwai kuma lambar nauyi: 112, misali, na nufin kilo 1,120 ne iyakar abin da tayar za ta ɗauka. Motar lodi tayar da ke da alamar C ko LT take so, mai kaurin gefe, ba ta jif ɗin gayu da aka ciro daga Beljiyam ba.

Saura ruwa. Duk damina sai an ga wanda ya tsaya a bakin mashigi yana kallon ruwa na gudu, ya ce ai motata doguwa ce. Tsayi ba ya hana ruwa mai ƙarfi ɗaukar mota, ƙara masa wurin turawa ma manyan tayu suke yi. Bututun nan da ake ɗorawa a gefen gilashi yana hana inji shaƙar ruwa, yana kuma rage ƙura, amma in an haɗa shi da kyau ba ɓuli. Injin gas in ya sha ruwa ko kofi ɗaya ne yana iya lanƙwasa ƙarafan cikinsa nan take. In ruwan ya wuce gwiwar mutum kuma yana tafiya da ƙarfi, a jira ya janye. In kuma an maƙale aka zo ja, kada a ɗaura igiya a bamba ko a ƙwallon jan tirela. In ya ɓalle, da ƙarfin harsashi yake tashi, kuma kan masu kallo yake nufa. Akwai ƙugiya a jikin shasi da aka yi don wannan.

Ko an haye lafiya, aiki bai ƙare ba. Tukunyar aksul tana da ɗan ƙaramin hanci a samanta da take numfashi ta ciki. In ta yi zafi da tafiya ka tsoma ta a ruwan sanyi, iskar ciki na tsukewa, sai ta zuƙo ruwa ta hancin nan ko ta gefen roba. Ba za ka ji komai ba a ranar, sai bayan wata biyu aksul ya fara kuka. Gyaran mai sauƙi ne: a sa siririn tiyo a hancin, a ja shi sama a ɗaure a jikin bodi inda ruwa ba ya kaiwa, gaba da baya. Kuma in damina ta wuce, wajen watan Oktoba kafin a fara jigilar amfanin gona, ka sa makaniki ya kwance notin man aksul ya tara kaɗan a murfin gwangwani. In man ya fito fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga, a zubar a sa sabo kafin a ɗora buhu na farko.